Tarkon Da Ke Ƙirga Ƙwari Da Kansa

Jama'a, duk manomin masara a ƙasar nan, ko a Oyo ya ke ko a Binuwai ko a Kaduna, akwai wata tambaya da ke hana shi barci kowace damina tun daga shekarar 2016. Tambayar kuwa ita ce, yaushe zan yi feshi? In ya yi gaggawa ya fesa magani tun tsutsa ba ta fito ba, ya zubar da kuɗinsa a ƙasa. In kuwa ya yi jinkiri har ganye ya zama kamar rariya, to, ihu ne bayan hari. Tsakanin gaggawar nan da jinkirin nan akwai 'yan kwanaki kaɗan waɗanda a cikinsu ne magani ke cin tsutsa sosai. Abin da na ke so in bayyana muku a wannan fitowa shi ne wata dabara da masana suka ƙago don gane kwanakin nan, watau tarko mai aiki da lantarki, wanda ke kama ƙwari, ya ƙirga su, ya aika da labari ta waya, ba tare da kowa ya taka gona ba. Zan faɗi yadda ya ke aiki, da abin da ya iya, da kuma abin da ya gagare shi.

Wace ce ɓarauniyar?

Kafin mu zo kan tarko, sai mu san wadda a ke ɗana wa. Tsutsar nan da ta addabi masara baƙuwa ce a Afirka. Asalinta daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ta ke. Turawa sun laƙa mata wani suna mai ma'anar tsutsar runduna, domin in sun cinye gona guda sai su ɗunguma su nufi ta gaba kamar mayaƙa. A farkon shekarar 2016 aka fara ganinta a gonakin kudu maso yammacin Nijeriya, masanan cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Badun suka duba, suka tabbatar ita ce. Kafin ƙarshen 2018 ta gama kusan dukan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, har ta ɓulla a Indiya. A 2019 ta bazu cikin ƙasar Sin, a 2020 ta sauka Ostareliya. Wata cibiyar bincike mai suna CABI ta yi lissafi a 2017, ta ce in aka zuba mata ido, ƙasashe 12 na Afirka masu noman masara, har da tamu, suna iya hasarar tan miliyan 8.3 zuwa miliyan 20.6 na masara kowace shekara. Kun ji fa, abincin miliyoyin bayin Allah ke nan.

To, yaya tsutsa mai jan ciki ta gama duniya cikin shekara huɗu? Ai uwarta mai fiffike ce. Uwar tsutsar nan faɗa-wuta ce, irin waɗanda ku ke gani suna kewaya fitila da dare, launinta toka-toka da ɗan ruwan ƙasa. Da rana ta kan ɓuya, sai dare ya yi ta tashi. In iska ta ba ta baya tana iya cin kilomita 100 a dare ɗaya. Ta kan sauka bisa ganyen masara ta zuba ƙwai a dunƙule, 100 zuwa 200 a wuri guda, ta lulluɓe su da gashin jikinta. Kafin ta mutu ta kan zuba ƙwai 1,000 ko fiye.

Bayan kwana 2 ko 3 sai ƙwan su ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi ta ci tana saɓa tana girma, mataki shida, cikin mako biyu zuwa uku. Sa'an nan ta faɗo ta shige ƙasa, ta kwanta kamar matacciya wajen kwana 8 ko 9, ta fito da fiffike, ita ma ta shiga zuba ƙwai. Duka-duka a lokacin zafi wata guda ya isa 'ya ta gaji uwa. Ga shi kuwa mu nan ba mu da sanyin ƙanƙara da zai kashe su, masarar rani kuma tana riƙe su har damina ta kewayo.

Yanzu ga inda maganar ta ke, ina roƙo ku riƙe ta da kyau. Sa'ad da tsutsar ke ƙarama, a fili ta ke bisa ganye, tana kankare fatarsa tana barin 'yan tagogi farare kamar takarda. A wannan lokaci ba ta da ƙarfi, magani kaɗan ya ishe ta. Da ta ɗan tasa sai ta gangara cikin mazurarin masara, watau tsakiyar nan inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, ta toshe bakin da kashinta mai kama da garin katako. Daga nan magani ba ya kai gare ta sai da ƙyar. Mafi yawan ɓarnar da za ta yi a rayuwarta kuwa a matakai biyu na ƙarshe ta ke yinta. Ashe ke nan ranar da manomi ya hango ɓarna daga bakin hanya, ranar nan lokacin feshi ya riga ya wuce. Wanda ke son ya riga tsutsa, sai ya sa ido ga zuwan iyayenta.

Ƙamshin kira

Yaya za a yi a san zuwan abin da ke tafiya cikin duhu? Amsar tana ga hancin namijin. Macen faɗa-wuta, in ta isa aure, ta kan saki wani ɗan ƙamshi a iska wanda hancin mutum ba ya ji. Namiji kuwa yana shaƙarsa da ƙahonin nan biyu da ke kansa, sai ya bi iska har ya iske ta. Kowane iri da nasa ƙamshin, kamar yadda kowace kabila ke da harshenta. Masana suna kiran wannan ƙamshi feromon. Wani Bajamushe mai suna Adolf Butenandt shi ya fara tace shi a shekarar 1959, daga jikin uwar tsutsar siliki. Ya yi kusan shekara 20 yana wannan aiki, ya yi amfani da mata wajen 500,000, abin da ya samu kuwa bai kai nauyin ƙwayar shinkafa guda ba. Amma da aka san sinadarin sai ƙofa ta buɗe. Yau a masana'anta a ke haɗa ƙamshin ƙwari iri iri, a ɗura shi cikin ɗan guntun roba wanda bai fi kan ɗan yatsa ba.

Tarkon farko ba shi da wata wuya. Bokiti ne mai murfi, da mazurari a bakinsa, a rataya robar nan mai ƙamshi a bisa. A kafa sanda a gona a ɗaure shi, tsawon kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Da dare maza su zo suna tsammani amarya ce, su yi ta kewayawa har su faɗa cikin bokiti. Ku lura, ba a ɗana tarkon nan don a ƙare ƙwarin ba. Amfaninsa ƙidaya. In jiya an sami 2, yau 3, gobe aka wayi gari da 40, an san baƙi sun sauka, mata suna nan suna zuba ƙwai, nan da 'yan kwanaki tsutsa za ta fito.

Da tsutsar ta bazu, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta taimaka aka rarraba irin tarkon nan a ƙasashen Afirka da yawa. A 2018 ta fito da wata manhaja ta wayar hannu mai suna FAMEWS, wadda malamin gona zai rubuta yawan abin da ya ƙirga a ciki, labari ya taru wuri guda. Dabara ce mai kyau, amma duk nauyinta yana bisa ƙafar mutum. Sai wani ya je, ya buɗe, ya zazzage, ya ƙirga. Kowa ya san malaman gona ba su da yawa, ƙauyuka kuwa ba iyaka, hanya kuma da damina sai wanda ya gani. Galibi sau ɗaya a mako a ke duba tarko. To, ƙwan da ke ƙyanƙyashewa cikin kwana 3, ina zai jira mai zuwa bayan kwana 7? Wannan giɓi shi ne tarkon lantarki ya zo ya cike.

Yadda tarkon lantarki ya ke

Ku ɗauka wani ɗan akwati ne wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya, mai ƙofa ta gefe. A cikinsa akwai robar nan mai ƙamshi, a ƙasa kuma an shimfiɗa takarda mai danƙo. Daga bisa an kafa 'yar kyamara tana duban takardar. A rufin akwai ɗan faifai mai karɓar hasken rana yana cika batir, a ciki kuma akwai katin waya irin wanda ke cikin wayar kowa. Yawancinsu har da ma'aunin zafi da na laimar iska.

Da dare ƙwari su shiga su manne. Da lokacin da aka tsara ya yi, sau ɗaya a rana ko fiye, kyamara ta ɗauki hoton takardar, ta aika ta hanyar waya zuwa wata babbar kwamfuta da ke can wani gari, ko ma wata ƙasa. Kwamfutar ta duba hoton, ta ware faɗa-wutar da a ke nema daga ƙuda da sauran tarkace, ta ƙirga, ta ɗebe na jiya don a san sababbin zuwa. Kafin manomi ya gama karin kumallo saƙo ya iso wayarsa. Waɗansu tarkunan ma takardarsu a naɗe ta ke kamar tabarma, in wadda ke fili ta cika sai inji ya ja sabuwa da kansa. Kamfanoni da dama suna ƙera irinsu. Akwai Trapview daga ƙasar Sulobeniya, da iSCOUT daga Ostiriya, da Semios daga Kanada. A gonakin tuffa da inabi na ƙasashen Turawa aka fi amfani da su tun da fari, domin can amfanin gonar yana da tsada, ladan ma'aikaci kuma ya fi tsada.

Na san wani zai ce, yaya ƙarfe zai bambanta wannan ƙwaro da wancan? Ku da ku ke koyon aikin malanta, wannan ba zai ba ku wuya ba. In kana koya wa 'yan aji ɗaya harafin b, ba sau ɗaya ka ke nuna shi ba. Ka rubuta babba, ka rubuta ƙarami, ka nuna na littafi, ka nuna na hannu, ka kawo d kusa da shi don su ga bambanci. Wanda ya kuskure ka gyara masa, har ranar da zai gane b ko da wa ya rubuta shi. Haka a ke yi wa kwamfuta. Masana ƙwari su tara hotuna dubbai, su sa wa kowane ƙwaro alama da sunansa. A yi ta nuna mata tana cinta, in ta kuskure lissafin cikinta ya ɗan gyaru, har kuskure ya ragu. Sa'an nan a yi mata jarrabawa da hotunan da ba ta taɓa gani ba. Amma kamar ɗalibi ta ke, abin da aka koya mata shi ta sani. Wadda aka horar da ƙwarin Turai, in an kawo ta nan sai an sāke sa ta aji.

Babban amfanin ya kan fito ne in tarkunan suna da yawa. Tarko ɗaya labarin gona ɗaya zai ba ka. Amma in an baza su ko'ina cikin lardi, aka jera ƙidayarsu bisa taswira kowace safiya, sai a ga inda ƙwarin suka fara sauka da inda suka dosa. Mutanen da ke gaba sai a yi musu gargaɗi tun gobara tana gidan maƙwabci.

Ƙidaya da zafi

Sanin ranar da iyaye suka iso rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin ranar da 'ya'ya za su fito, nan ne ma'aunin zafin nan ke da aiki. Jikin ƙwaro ba ya riƙe ɗumi kamar namu. In gari ya yi zafi ya girma da sauri, in an yi sanyi ya tsaya. Saboda haka da yawan zafin da ya taru a ke auna girman ƙwaro, ba da yawan kwanaki ba.

Bari in kawo misali daga gonakin tuffa na Amurka da Turai, inda aka daɗe da sanin lissafin. Akwai wata tsutsa da ke huda tuffa, wadda ba ta girma in zafi bai kai digiri 10 a ma'aunin Salsiyos ba. Daga ranar da tarko ya fara kama maza a kai a kai, sai a shiga lissafi. A ce yau zafin rana ya kai 24, na dare ya sauka 12. A haɗa su, 36, a raba biyu, 18, a ɗebe 10, saura 8. An tara 8 ke nan a yau. Gobe a sāke, a ƙara bisa na yau. In jimla ta kai wajen 140, ƙwai sun fara ƙyanƙyashewa. In kullum 8 a ke samu, kwana 17 ko 18 ke nan. In kuwa gari ya ƙara zafi a ke samun 14, kwana 10 sun isa. Dā manomi ke yin wannan lissafi da fensir, yanzu kwamfuta ke yi, ta kuma haɗa da hasashen yanayi ta faɗi ranar tun ba ta zo ba.

Tsutsar masara ita ma tana bin wannan ƙa'ida, sai dai da nata alƙaluman. Mu da ke ƙasar zafi, zafin ya kan taru da sauri ƙwarai, don haka kwanakin feshi a wurinmu gajeru ne. Ashe ƙidayar kullum ta fi amfani a nan bisa ga can inda aka ƙago ta.

Waɗansu hanyoyi

Kyamara ba ita kaɗai ce idon da a ke sa wa ƙwari ba. Zan ambaci uku a taƙaice.

Ta farko, haske. A sa wani siririn haske a ƙofar tarko, da abin karɓarsa a ɗaya gefen. In ƙwaro ya gitta, inuwar fiffikensa ta kan sa hasken ya yi rawa, na'ura ta ƙirga sau nawa ya kaɗa fiffike. Ƙudan gida yana kaɗawa kusan sau 200 a daƙiƙa guda, ƙudan zuma wajen 230, macen sauro kuwa 400 ko fiye. Shi ya sa kukan sauro ya fi na ƙuda siranta. Da wannan bambanci a ke gane mai wucewa.

Ta biyu, kunne. Akwai ƙwarin da ba su fitowa fili, kamar masu huda hatsi a rumbu, da wani jan ƙwaro da tsutsarsa ke cin cikin itacen dabino a ƙasashen Larabawa, ba a sani ba sai itace ya faɗi. A kan manna wa itacen ko a cusa cikin hatsin wata na'ura mai jin motsi, ta ji ƙarar tauna wadda kunnen mutum ba ya ji.

Ta uku, na'urar rada, irin wadda ke hango jiragen sama. Abin sha'awa, a maƙwabtanmu aka fara. A 1968 wani masani mai suna Glen Schaefer ya kafa irin wannan na'ura a hamadar Jamhuriyar Nijar don ya ga tafiyar fari da faɗa-wuta cikin dare. Daga baya masanan cibiyar Rothamsted ta Ingila suka kafa masu duban sama sak, dare da rana. A 2016 aka buga sakamakon aikin shekara 10, aka ce ƙwari wajen tiriliyan 3.5, watau miliyan sau miliyan har uku da rabi, suna ƙetare samaniyar kudancin Ingila kowace shekara, nauyinsu ya kai tan 3,200. Dukan wannan zirga-zirga bisa kan mutane a ke yinta ba su sani ba.

Abin da ya gagare shi

Kada wani ya karanta wannan ya ce shi ke nan, manomi ya kwanta na'ura ta yi gadi. Ko kusa. Ga dalilai.

Na ɗaya, maza kaɗai tarko ke kamawa, su kuwa ba su cin masara. Yawan maza a tarko ba kullum ya ke daidai da yawan tsutsa a gona ba. Wani lokaci tarko ya cika, sai a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ya wanke ƙananan tsutsotsin, gona ta tsira. Wani lokaci kuma tarko ya kama kaɗan, amma ɓarna ta yi yawa.

Na biyu, ƙamshin ya kan jawo waɗansu dangin faɗa-wuta masu kama da wadda a ke nema. Ga shi kuma in ƙwaro ya yi ta fafutuka cikin danƙo zanen fiffikensa ya kan goge, ko gwani sai ya duba da kyau, balle kwamfuta mai duban hoto.

Na uku, tarkon kansa yana son kulawa. Ƙamshin ya kan sane, sai an sāke roba wajen kowane wata. Ƙura ta kan rufe idon kyamara da faifan hasken rana. Inda babu layin waya mai ƙarfi hoto ba ya tafiya. Abin da aka bari a daji da batir a cikinsa kuwa, kun san sai an yi gadinsa.

Na huɗu, kuɗi. Tsadarsa ta ninka ta tarkon bokiti sau da yawa, galibi kuma akwai kuɗin shekara na aikin kwamfuta. Mai gona eka ɗaya ko biyu ba zai saya shi kaɗai ba, ba kuwa dalilin da zai sa ya saya. Abin ƙungiyar manoma ne, ko hukumar aikin gona, a ɗana kaɗan su yi wa gari duka aiki. A nan ina da shawara guda. Ya kamata manoma su tambaya tun da wuri, wa ke riƙe da labarin da tarko ke tarawa, wa kuma ke aiko da saƙon a yi feshi? In mai sayar da magani shi ne mai ba da shawara, to, an ba kura ajiyar nama.

Saboda waɗannan dalilai, saƙon tarko ba umurnin feshi ba ne. Ma'anarsa ita ce, tashi ka je ka duba gonarka yau. Dubawar kuwa tana da ƙa'ida mai sauƙi wadda masana suka tsara. Ka shiga gona, ka bar na bakin iyaka, ka yi tafiya mai siffar harafin W. Ka tsaya wuri 5, kowane wuri ka duba masara 10, jimla 50. Ka nemi dunƙulen ƙwai, da 'yan tagogin nan farare, da sabon kashi cikin mazurari. Babbar tsutsar kuwa ana gane ta da alama kamar harafin Y a kife bisa goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere murabba'i kusa da wutsiya. In masara tana ƙarama aka sami sabuwar ɓarna a wajen 10 cikin 50, lokacin ɗaukar mataki ya yi. In ta girma ta kusa fitar da kai, ta fi juriya, sai an kai wajen 20 cikin 50. Wanda bai tabbata da abin da ya gani ba, akwai manhajar waya mai suna Nuru, wadda masanan wata jami'a a jihar Fensilbaniya ta Amurka suka fitar tare da FAO a 2018, tana duban ganye ta kyamarar waya ta faɗi ko ɓarnar tsutsar ce.

Matakin ma ba lalle sai maganin kanti ba. A ƙaramar gona ana murtsuke ƙwai da ƙananan tsutsotsi da hannu. Waɗansu su kan zuba yashi ko toka cikin mazurari, waɗansu su fesa ruwan 'ya'yan darbejiya. In ya zama dole sai magani, a fesa da sassafe ko da yamma liƙis, a nufi cikin mazurari, a rufe jiki da hanci.

Ribar da ba a gani

Mutane sun fi lissafa ribar tarko da buhunan da aka ceto. Ni kuwa a ganina akwai wata riba da ta kai wannan, watau feshin da ba a yi ba. Manomin da tsoro ya kama shi ya kan fesa kowane mako, da tsutsa ko babu. Kuɗin taki ya tafi ga magani. Gubar ta shiga jikin mai feshi, ta gangara rafin da a ke sha. Tsutsar da ta sha magani ba ta mutu ba ta haifi masu taurin rai irinta, har maganin ya daina aiki, abin da ya riga ya faru a nahiyar Amurka da magunguna iri iri. Bugu da ƙari, gubar ba ta san abokin manomi ba. Tururuwa da gizo-gizo suna cin tsutsar nan. Akwai ma wani ɗan mitsitsin zanzaro wanda bai kai ƙwayar gero ba, yana zuba ƙwansa cikin ƙwan faɗa-wutar ya kashe shi tun bai ƙyanƙyashe ba. A 2019 masana suka ba da labarin sun same shi a Nijar da Benin da Kenya da waɗansu ƙasashen Afirka. Waɗannan ma'aikata ne da ba su karɓar lada, kowane feshin banza kuwa kashe su ya ke yi. Tarkon da ya ce wa manomi, wannan mako babu baƙi, ajiye kuɗinka, ya yi aiki daidai da wanda ya ce masa tashi.

Yawancinmu gidan noma muka fito, kuma duk inda aiki ya kai mu, mutanen gari za su zo da tambaya, domin a wurinsu mai ilmi ya san kome. In sun tambaye ku labarin tarkon nan, ku faɗa musu gaskiyarsa. Ba ya kashe tsutsa, ba ya noma, ba ya hana asara shi kaɗai. Mai gadi ne wanda ba ya gyangyaɗi, yana ƙirga masu shigowa cikin dare, da safe ya faɗi adadi. Inda ba a kai ga na lantarki ba, bokiti da robar ƙamshi da littafin rubuta ƙidaya suna yin aikin, muddin akwai mai dubawa kullum safiya. Ko wanne aka samu, sauran aikin na manomi ne, ya shiga gona ya buɗa mazurari ya duba da idonsa tun tsutsa tana ƙarama, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.